Tarihin Daskararriyar Ƙasa a Kan Dutsen Kilimanjaro

A ƙasar Tanzaniya, can gabashin Afirka, akwai wani dutse da a ke kira Kilimanjaro. Duk Afirka babu dutsen da ya kai shi tsawo, gama daga fuskar teku zuwa ƙwanƙolinsa ƙafa 19,341 ne. Tsakaninsa da Ikwaita, watau layin nan da masana suka zana a taswira ya raba duniya biyu, wajen mil 200 ne kurum. Ƙasar zafi ce sosai. A gindin dutsen mutanen Caga suna noman ayaba da gahawa da masara, amma kansa fari fat ya ke da ƙanƙara, rani da damina. Banda wadda a ke hange daga nesa kuma, akwai wata ƙanƙara a ɓoye cikin ƙasa, ta ɗaure rairayi da tsakuwa. Labarin wannan ƙasa da ta daskare, da yadda ta yi ta yaɗuwa tana tsukewa bisa ga juyawar zamani, shi za mu duba a nan.

Gardamar farko

Ran 11 ga watan Mayu na 1848 wani Bajamushe ɗan mishan, sunansa Johannes Rebmann, yana tafiya daga wajen Mombasa zuwa ƙasar Caga, sai ya hango wani abu fari a kan dutsen. Da fari ya zaci girgije ne. Da ya ƙara dubawa sai ya gane dusar ƙanƙara ce, irin wadda ya sani a ƙasarsu. Mutanen wurin kuwa sun san abin tun kaka da kakanni. Har sun ba shi labarin wani sarkinsu da ya taɓa aika jama'a su hau su gano ko mene ne farin abin nan, mutum ɗaya kaɗai ya komo, shi ma sanyi ya shanye masa hannuwa da ƙafafu.

Sa'ad da labarin Rebmann ya kai Turai, wani masanin labarin ƙasa a Ingila, William Cooley, ya ce ƙarya ne. A ganinsa ƙanƙara ba ta zama a ƙasar da rana ke tsayawa tsaka a kan mutum. Waɗansu suka ce watakila farin dutse ne ya ke ƙyalli. A 1849 abokin aikin Rebmann, Ludwig Krapf, ya hango irin wannan fari a kan Dutsen Kenya, duk da haka Cooley bai saki ra'ayinsa ba. Amma gani ya kori ji. A 1871 wani Bature, Charles New, ya hau har ya taɓa ƙanƙarar da hannunsa. Ran 6 ga Oktoba na 1889 kuma Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka kai ƙwanƙolin, bayan sun yi ta sassaƙa matakai cikin ƙanƙara da gatari. Gardama ta ƙare.

Mece ce daskararriyar ƙasa?

Mu a nan ƙanƙarar da muka fi sani ita ce wadda ta kan faɗo tare da ruwan sama, ta narke nan da nan. A ƙasashen sanyi kuwa, ɗari ya kan shiga cikin ƙasa kanta, ruwan da ke tsakanin rairayi da tsakuwa ya daskare, ya kama su ƙam kamar siminti. Idan ƙasa ta shekara biyu ko fiye a jere a haka ba ta narke ba, ita masana ke kira daskararriyar ƙasa. Samanta ya kan ɗan narke lokacin zafi, amma can ciki tana nan yadda ta ke.

Ga misali daga ƙasar Rasha. A 1828 wani attajiri mai suna Fyodor Shergin ya sa a gina masa rijiya a garin Yakutsk, cikin Sibiriya. Magina suka yi ta sara shekara da shekaru, ba su tarar da ruwa ba, sai ƙasa mai tauri kamar dutse. A 1837 aka daina, rijiya ta kai zurfin ƙafa 380, har yanzu ƙasar a daskare. Daga baya aka gano a waɗansu wurare na Sibiriya zurfin daskarewar ya kusa mil guda.

Wannan a Sibiriya ke nan, inda a kan yi watanni ana ɗari mai tsanani. To, yaya aka yi irinta ta samu a tsakiyar Afirka?

Amsar tana ga tsawon dutse. Duk sa'ad da mutum ya ƙara hawa sama, iska tana ƙara sanyi. Shi ya sa Jos ta fi Kano sanyi. A ma'aunin zafi ruwa yana daskarewa a sifiri, yana tafasa a digiri 100. Kowace ƙafa 1,000 da mutum ya hau, zafin iska ya kan ragu da wajen digiri 2. In aka bi lissafin har kan Kilimanjaro, sai a tarar da iskar wurin, in an haɗa dare da rana na dukan shekara, tana wajen digiri 7 ƙasa da sifiri.

Mai karatu zai ce, ashe ke nan duk kan dutsen a daskare ya ke. Ba haka ba ne, kuma a nan duwatsun ƙasashen zafi suka bambanta da na ƙasashen sanyi. A Sibiriya ɗari yana samun watanni ya ratsa ƙasa. A kan Kilimanjaro kuwa dare da rana kusan tsawonsu ɗaya ne duk shekara. Da dare fatar ƙasa ta kan daskare, da hantsi rana ta fito ta tsaya tsaka, ta gasa baƙin rairayin wurin. Abin da dare ya ɗaure, rana ta kwance. Saboda haka ƙasar ta fi iskar da ke bisanta ɗumi ƙwarai. Ga shi kuma Kilimanjaro dutse ne mai aman wuta. Ko da ya ke ya daɗe bai yi ba, har yanzu tururi mai warin ƙibiritu yana fita daga ramin da ke tsakiyar kansa, ɗumi yana tasowa daga ƙarƙashi.

Don haka ƙasa ba ta daɗewa a daskare a irin wurin nan sai da mataimaki. Inuwa tana taimakonta. Ruwan da rairayi ya sha yana taimakonta, domin jiƙaƙƙen rairayi in ya daskare yana da wuyar narkewa. Babban mataimakinta kuwa dusar ƙanƙara ce. Kowa ya san farar riga ta fi baƙa sanyi a rana. Haka dusar ƙanƙara ke yi wa dutse, ta lulluɓe shi da fari, ta mai da hasken rana sama. Dusar ƙanƙara kuwa daga girgije ta ke zuwa, kamar ruwan sama. Ke nan a ƙasashen zafi, abu biyu ke riƙe da daskararriyar ƙasa, sanyi da damshi. In ɗaya ya gaza, ta tafi.

Zamanin babban sanyi

Duniya ba ta taɓa zama a hali ɗaya ba. Cikin shekara 800,000 da suka wuce, wajen kowace shekara 100,000 a kan yi zamanin sanyi mai tsawo, sa'an nan ɗumi ya biyo baya na ɗan lokaci. Wani masanin lissafi na ƙasar Sabiya, Milutin Milankovic, ya nuna asalin abin yana ga tafiyar duniya. Hanyar da ta ke bi tana kewaya rana ta kan ɗan sake, karkatarta ma ta kan ƙaru ta ragu, sai rabon hasken rana tsakanin ƙasashe da lokutan shekara ya sake. Babban sanyi na ƙarshe ya kai matuƙa wajen shekara 21,000 da suka wuce. A lokacin ƙanƙara ta rufe kusan dukan ƙasar Kanada da arewacin Turai.

Afirka ma ba ta tsira ba, shaidar kuwa tana kan duwatsu. Idan dusar ƙanƙara ta taru shekara da shekaru, ta kan danne ta zama tuli mai tauri, ta riƙa gangarowa a hankali cikin kwari kamar kogi. Tana tafe tana ture duwatsu da tsakuwa, in ta narke sai ta bar su jere kamar kunyar gona, amma kunya mai tsawon bene. Wani masanin duwatsu, John Gregory, ya ga irin waɗannan kunyoyi a Dutsen Kenya a 1893, can ƙasa da inda ƙanƙara ta tsaya a zamaninsa. A Kilimanjaro ma suna nan. Daga gare su aka auna cewa a zamanin babban sanyi ƙanƙara ta rufe wajen eka 37,000 na dutsen, a waɗansu kwaruruwa ta gangaro har ƙasa da ƙafa 11,000.

Ita daskararriyar ƙasa in ta narke ba ta barin kunya, amma tana barin tata alama. A kudancin Habasha akwai duwatsun Bale, a kansu akwai wani fili mai faɗi da a ke kira Sanetti, tsawonsa daga teku ya wuce ƙafa 12,500. A nan masana suka tarar da manyan duwatsu jere layi layi, kamar wani ya shirya su da gangan. Wani layin ya fi rabin mil tsawo, faɗinsa ya kai ƙafa 50. Ba hannun mutum ba ne. Ruwa in ya daskare ya kan kumbura, shi ya sa kwalba cike da ruwa ke fashewa in ta daskare. Ƙasa in tana daskarewa tana narkewa shekaru aru aru, kumburin nan ya kan ture manyan duwatsu gefe guda ya bar lallausar ƙasa gefe guda, kamar yadda mace ke bakace a faifai, tsaki ya ware daga gari. Manyan layuka irin waɗannan an fi saninsu a ƙasashen ƙanƙara na can arewacin duniya. Masanan da suka auna na Bale, waɗanda suka bayyana aikinsu a 2021, sun ce alama ce ta ƙasar wurin ta taɓa daskarewa da zurfi, kuma iskar wancan zamani ta fi ta yau sanyi da wajen digiri 7. Yau babu daskararriyar ƙasa a Bale.

Abin mamaki, akwai mutane a wurin a cikin wannan sanyi. A wani kogo na duwatsun Bale da a ke kira Fincha Habera, mai tsawon ƙafa 11,380 daga teku, an tono toka da ƙasusuwa da kayan aikin dutse na mutanen da suka zauna tsakanin shekara 47,000 da 31,000 da suka wuce. Abincinsu wata dabba ce mai kama da gafiya wadda ke gina rami a ƙasa, ruwan shansu kuwa daga ƙanƙarar da ke narkewa a bisansu.

Zamanin nan na sanyi zamanin fari ne kuma a yawancin Afirka. Tafkin Biktoriya, babban tafkin gabashin Afirka, ya ƙafe, bai sake cika ba sai wajen shekara 15,000 da suka wuce. Tafkin Cadi ma ya ƙafe. Hamada ta matso kudu, iska ta tara rairayi. Da yawa daga jigayin da a ke noma a kansu yau tsakanin Kano da Borno tun daga busassun zamanai irin wannan su ke.

Zamanin ruwa da zamanin fari

Da sanyi ya ja baya, sai aka shiga zamanin ruwa. Wajen shekara 11,000 da suka wuce, saboda sakewar tafiyar duniya, rana ta ƙara ƙarfi a arewacin Afirka lokacin bazara, ta jawo iskar damina daga teku har can cikin hamada. Sahara ta yi ciyawa da tafkuna. Tafkin Cadi ya cika ya batse, gaɓarsa ta kai inda Maiduguri ta ke yanzu. Kwalekwalen nan da aka gano a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, wanda ya kai shekara 8,000, na mutanen wannan zamani ne.

Kan Kilimanjaro ma ya sami rabonsa, amma nasa da dusar ƙanƙara ya zo. A shekara ta 2000 wani masani daga Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Lonnie Thompson, ya hau dutsen da mutanensa. Suka huda ƙanƙarar a wuri shida da wani bututu, suka zaro ta dogo dogo kamar rake, mafi tsawo wajen ƙafa 165. Ƙanƙara tana taruwa ne hawa hawa, ta bana a kan ta bara, kowane hawa da ƙurar da iska ta kawo a lokacinsa. Saboda haka a kan karanta ta kamar littafi, daga shafin ƙarshe zuwa na farko.

Bisa lissafin Thompson, hawan da ke can ƙasa ya kai shekara 11,700, watau ƙanƙarar ta fara taruwa ne da shigowar zamanin ruwa. Kafin nan kan dutsen a tsiraice ya ke, ko da ya ke akwai sanyi, domin babu damshin da zai kawo dusar. Ya kuma ga alamar fari sau uku, wajen shekara 8,300 da 5,200 da 4,000 da suka wuce. Na ƙarshen ya fi tsanani. Ya bar baƙin layin ƙura mai kaurin fiye da inci guda, an ƙiyasta ya yi shekara 300. Waɗansu masana tarihi suna danganta wannan fari da rushewar tsohuwar daular Masar ta masu gina dala, sa'ad da Kogin Nilu ya daina cika. Akwai kuma masanan da ke ganin ƙanƙarar da ke kan dutsen yanzu ba ta kai waɗannan shekaru ba. A ra'ayinsu ta sha ɓacewa tana dawowa, in an yi shekarun ruwa ta taru, in an yi na fari ta tafi. Ko wanne aka ɗauka, maganar ɗaya ce, ruwan sama yana da hannu a cikin al'amarin kamar yadda sanyi ke da shi.

Fari yana cin ƙanƙara ta wata hanya da ya kamata a sani. A can sama iska busasshiya ce ƙwarai. Kamar yadda wanki ke bushewa da hunturu ko da ana ɗari, haka busasshiyar iska da hasken rana ke shan ƙanƙara, ta zama tururi ba tare da ta zama ruwa ba. In sabuwar dusa ba ta sauko ta mai da abin da ya tafi ba, tulin ya yi ta ramewa.

Daga 1880 zuwa yau

A cikin ƙarni na 19 gabashin Afirka ya yi shekarun ruwa, tafkuna suka cika. An ƙiyasta wajen 1880 ƙanƙara ta rufe kusan eka 5,000 a kan Kilimanjaro. Daga nan ruwa ya ragu, ta fara ja da baya. Hans Meyer da ya koma a 1898 ya ga ta ragu ƙwarai cikin shekara tara, har ya zaci nan da shekara ashirin ko talatin za ta ƙare. Lissafinsa ya yi gaggawa, amma hanyar da ya hango ita aka bi. A 1912 saura wajen eka 2,800. A 2011 saura wajen eka 435, watau cikin kashi 100 kashi 85 sun tafi a shekara ɗari. Haka abin ya ke a Dutsen Kenya, da duwatsun Ruwenzori da ke kan iyakar Uganda da Kwango.

To, ita ta cikin ƙasa fa? Wani masani daga Jami'ar Alaska, Kenji Yoshikawa, da abokan aikinsa sun binne ma'aunan zafi a wuri 11 a jikin dutsen, daga ƙasa har kusa da ƙwanƙoli, suka bi su shekara uku. Abin da suka bayyana a 2021 shi ne, sun tarar da daskararriyar ƙasa a gefen wani ɗan tulin ƙanƙara mai suna Furtwangler, cikin kwaryar da ke kan dutsen, inda rairayi ya sha ruwa. Sun ce a halin da a ke ciki yanzu dutsen bai isa tsawon da sabuwa za ta samu ba. Wadda ke nan saura ce ta zamanin da ya fi wannan sanyi, kuma ta fi saurin narkewa a shekarun da dusa ta yi ƙaranci. Shi kansa tulin Furtwangler, a 1976 eka 28 ne, a 2000 ya koma wajen eka 15, yana ta raguwa tun daga nan.

Ba Afirka kaɗai ba ce. A tsibirin Hawai, tsakiyar Tekun Fasifik, akwai dutse mai suna Mauna Keya, shi ma a ƙasar zafi. A 1969 wani masani, Alfred Woodcock, ya tarar da daskararriyar ƙasa cikin inuwar wani rami kusa da kansa, kaurinta ya fi ƙafa 30. Da aka sake aunawa bayan fiye da shekara arba'in, kaurin bai kai rabin na da ba.

Narkewar nan tana da haɗari. Ƙanƙarar da ke cikin ƙasa ita ke riƙe da duwatsun gangare, in ta saki sai su zubo. Ran 4 ga Janairu na 2006 duwatsu suka gangaro wa masu hawa ta gefen yamma na Kilimanjaro, mutum uku 'yan Amurka suka mutu. Masu bincike suka ce ƙanƙarar da ke ɗaure da duwatsun ce ta narke. Aka rufe hanyar kusan shekara biyu.

Mai karatu zai iya cewa, tun da abin ya saba zuwa yana tafiya, mene ne na damuwa? Akwai bambanci. Juyin da can tafiyar duniya ce ke kawo shi, a hankali, cikin dubban shekaru. Na yanzu da hannun mutum a ciki. Tun da aka fara ƙona gawayin ƙasa da man fetur a masana'antu da motoci, wata iska mai riƙe zafi da a ke kira kabon ta yi ta taruwa a sama. Kafin zamanin masana'antu, cikin kashi miliyan na iska ita kashi 280 ce, yanzu ta wuce 420. Duniya ta ƙara ɗumi, tekuna sun ɗumama, tafiyar damina ta sake. A 2021 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ce in aka ci gaba a haka, ƙanƙarar duwatsun Afirka za ta ƙare cikin shekarun 2040.

Mutanen Caga ba za su rasa ruwan sha don wannan ba, gama yawancin ruwan ƙoramunsu daga kurmin da ya kewaye dutsen ya ke fitowa. Amma zafi da damshin da ke hukunta ƙanƙarar dutsen su ne ke hukunta gonakinsu, su ne kuma ke hukunta namu. Mun ga sa'ad da kan Kilimanjaro ya tara dusa, Tafkin Cadi ya cika har Maiduguri. Dutsen ma'auni ne da ke tsaye a tsakiyar Afirka, kowa na iya ɗaga kai ya karanta. Sandunan ƙanƙarar da Thompson ya zaro a 2000 kuwa suna nan ajiye a ɗakin sanyi a Ohio, domin masu neman sani na gaba su sami abin dubawa bayan ta kan dutsen ta ƙare.